Hostal ko Ɗakin Haya: Inda Ya Dace Ɗalibin Samaru Ya Shimfiɗa Katifarsa

Da zarar sunan yaro ya fito cikin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauka, murna kuma ta ɗan lafa a gida, tambayar da ke biyo bayan ta kuɗin rajista ita ce ta wurin kwana. Uba kan so a kama wa yaro ɗaki a cikin gari saboda labarin cunkoson hostal da ya sha ji, uwa kuma hankalinta ya fi kwanciya idan ta san 'yarta tana kwana a cikin katangar makaranta, shi kuwa ɗalibin yawanci inda abokansa suka nufa can yake so. Na yi shekara biyu a hostal a Samaru, inda babban matsugunin jami'ar yake a Zariya, na yi biyu a gidan haya, daga baya kuma na raka ƙannena neman wurin zama, saboda haka ina da ra'ayi a kan lamarin kuma ba zan ɓoye shi ba. Wanda ya ɗora kuɗin gado a kan kuɗin haya ya tsaya nan, bai ma fara lissafin ba. Abin da ya fi cancanta a auna shi ne yadda sa'o'in da ke tsakanin magariba da sha biyun dare za su riƙa wucewa, domin a cikinsu ne ake yin karatun da ke bayyana a takardar sakamako.

Da farko dai ya kamata a san cewa ba kowa ne zaɓin ke hannunsa ba. An buɗe jami'ar a 1962, kuma tsofaffin gidajen kwanan da ke Samaru, irin su Amina da Ribadu da Alex na mata, da Danfodio da Akenzua da ICSA da Ramat, an gina su ne lokacin da yawan ɗalibai bai kama ƙafar na yau ba. Ko da Gidauniyar Aliko Dangote ta miƙa wa jami'ar sabon rukunin gine-gine 10 mai gadaje 2,160 a 2019, masu nema sun ci gaba da ninka gadajen da ake da su. Bisa al'adar jami'o'in gwamnati akan fifita sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe, sauran kuma su jira ranar da za a buɗe shafin neman gado a intanet, su yi ta gwadawa har Allah ya ba mai rabo sa'a. Ke nan ɗan aji ɗaya da aka ba gado ya ƙi karɓa ya saki abin da 'yan aji biyu da uku ke kwana ido buɗe suna nema.

A wajen kuɗi babu gardama, hostal ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sau ɗaya ake biya a shekarar karatu, kuma a cikin wannan biyan akwai wuta da ruwa da masu gadi da kwashe shara. Ɗalibi zai tashi da safe ya taka da ƙafa zuwa lacca, ya dawo da rana ya ɗan miƙe bayansa, ya koma ta yamma, ba tare da ya ciro ko sisi don abin hawa ba. Abinci ne kawai ba ya ciki. Iyayenmu da suka yi karatu a shekarun 1970 sun ci a ɗakin cin abinci na makaranta da tikiti, har ma ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini yana cikin abin da ya tayar da zanga-zangar ɗalibai ta 1978, wadda aka rasa rayuka a cikinta a nan Samaru. Wannan tsari ya daɗe da shuɗewa, kuma dattijon da ke ba ɗansa shawara da ƙwarewar wancan zamani ya kamata ya tuna cewa yau ɗalibi shi ke ciyar da kansa ko'ina ya kwana.

Kuɗin haya kuwa, abin da mai gida ya faɗa da baki kan gaba ne kawai, jikin yana baya. Na shekara ake biya gaba ɗaya, sannan ga la'adar dillali, wasu gidajen kuma da kuɗin ajiya wanda ake cewa za a mayar ranar tashi idan ba a yi ɓarna ba. Ɗakin da za a buɗe maka fanko ne, sai ka sayi katifa da ledar ƙasa da labule da fanka da tukunyar gas da bokitai da babbar robar tara ruwa da kwaɗo mai ƙarfi. Bayan an tare sai ƙananan kuɗaɗe su fara biyo juna: karo-karon kuɗin wuta, kuɗin 'yan ga-ruwa, kuɗin 'yan sintirin unguwa, kuɗin yashe masai idan ya cika. Na ƙarshe kuma mafi cin aljihu a ɓoye shi ne kuɗin abin hawa, wanda ya tashi sosai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A ƙaddara ɗalibi yana kashe naira 500 a rana zuwa da dawowa, kwana 22 a wata, ya kama naira 11,000 ke nan. Wanda ya dogara da naira 20,000 ta ɗawainiya da asusun bashin karatu na NELFUND ya fara ba ɗalibai duk wata a 2024, ya ga fiye da rabinta ya tafi a hanya kafin ya auna ko kwanon garin kwaki. Wannan ne ya sa ɗakin da ya fi araha a unguwanni masu nisa irin su Palladan ko Layin Zomo zai iya fin na bakin ƙofar makaranta tsada idan shekara ta zagayo.

Akwai wani bambanci da iyaye ba su cika hange ba sai ya same su. Kuɗin hostal shekarar karatu yake bi, kuɗin haya kuwa kalanda yake bi, kuma a jami'o'in gwamnatin Najeriya waɗannan biyun ba kullum suke tafiya tare ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya fara ran 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai ran 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kafin shi kuma na 2020 ya haɗu da kullen korona ya cinye kusan shekarar. Wani ƙanena ya biya hayar shekara ana saura 'yan makonni a fara yajin 2022, ya rufe ɗakin ya dawo gida. Da aka koma, ya tarar damina ta shigo ta rufin, katifa ta yi funfuna, littattafan da ya bari a ƙasa sun manne da juna, ga shi saura wata uku haya ta ƙare. Da ya yi wa mai gidan maganar rangwame, amsar da ya samu ita ce, “Yaro, ni ba yajin aiki na yi ba, ɗaki na ba ka kuma ga shi nan.” Ban ga laifin dattijon a lissafinsa ba, domin shi ma da kuɗin yake ciyar da iyalinsa, amma duk mai shirin kama haya ya sa a ransa cewa ko da babu yaji, watannin hutu ma biyansu yake yi.

Ruwa da wuta su ne abin da ɗalibai suka fi ƙorafi a kai a ɓangarorin biyu, sai dai nauyin ba ɗaya ba ne. Jami'ar tana da madatsar ruwanta a kan kogin Kubanni, kuma ko da ruwa ya ƙi hawa bene, ɗan hostal ya san famfon da zai kai bokitinsa ya bi layi, abin da zai kashe shi ne lokaci da ƙarfi. A cikin unguwa lamarin ya danganta da gidan da ka faɗa. Gida mai rijiyar burtsatse da tanki yana buƙatar wuta kafin a tura ruwa, gida mai rijiyar guga kuma yakan wadata da damina ya ƙafe a watan Maris da Afrilu, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani, sai a koma jiran mai kura ana sayen jarka. Haka wuta. A cikin makaranta idan ta ɗauke a wuri ɗaya akan sami wani aji ko wani zaure mai haske, amma a gidan haya idan taransifomar layinku ta lalace, sai an yi karo-karo an jira, kuma jiran ba ya la'akari da cewa jibi kana da jarrabawa.

A nan ne na zo kan abin da na ce shi ne ma'auni. Ɗalibin da ke hostal, idan ya yi sallar isha'i ya ci abin da ya samu, sai ya ɗauki littafinsa da ƙaramar fitila ya bi sahun masu tafiya aji, kuma wannan sahun kansa wani irin malami ne. Ba ka jin daɗin kwanciya kana ganin abokan ɗakinka biyar sun fita karatu. Da rana ga Laburaren Kashim Ibrahim, da dare ga azuzuwan tsangayoyi cike da masu karatun kwana, ga 'yan ajin gaba da ke koyar da na baya darussan da suka fi ba mutane wahala, sau da yawa kyauta a ƙarƙashin ƙungiyoyin ɗalibai na addini ko na sashe. Na tuna daren da na kasa gane wani babi na lissafi ana gobe gwaji. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na sauko bene ɗaya na ƙwanƙwasa ɗakin wani ɗan aji uku da ban taɓa magana da shi ba sai gaisuwa a masallaci, ya jawo takarda ya zauna a bakin gadonsa, bai bar ni ba sai da na warware tambaya uku da hannuna. Irin wannan taimako ba a shirya shi, kusanci ne ke kawo shi, kuma shi ne babbar ribar hostal da ba ta fitowa a rasit.

Ɗan haya kuwa kowace yamma sai ya yanke shawara: ko ya tsaya cikin makaranta har dare ya dawo ta layukan da babu fitila, ko ya koma ɗaki da wuri ya yi fatan a kawo wuta. Babban titin da ya fito daga Zariya ya nufi Funtuwa da Sakkwato ya ratsa tsakanin jami'ar da garin Samaru, manyan motoci ba sa ɗauke ƙafa a kansa, kuma da damina wasu layukan cikin Hayin Dogo sai an tattare wando. Mafi yawan mutane, bayan sati biyu ko uku na ƙoƙari, komawa ɗaki da wuri suke zaɓa. To idan an koma, me ake yi? Mai horon kai yakan sami abin da ɗan hostal ba zai taɓa samu ba, wato shiru, da tebur nasa shi kaɗai, da barcin da babu mai katse shi. Wanda bai saba riƙe kansa ba kuma, waya ce za ta cinye daren, babu wanda zai lura bai je laccar ƙarfe bakwai ba, kuma ba za a gane an yi asara ba sai sakamakon zangon farko ya fito.

Duk da haka ba zan yi wa hostal kwalliyar da ba tasa ba. Cunkoso gaskiya ne a kusan kowace jami'ar gwamnati, domin bayan masu gado na halal akwai 'yan raɓe, wato abokai da 'yan gari ɗaya da ba su samu ba aka ce su zo a lallaɓa, ɗakin mutum shida ya koma na takwas ko fiye. Banɗaki na tarayya ne, kuma tsabtarsa ba ta wuce tarbiyyar mafi sakacin masu shigarsa. Wani yana son fitila a kashe, wani yanzu ya fara karatu, wani yana waya da gida da ƙarfi, wani ya ɗauki bokitinka bai tambaya ba. Waya da kwamfuta sai an sa musu ido ko a wajen caji. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma akwai mutanen da wannan zama ke taɓa lafiyarsu da gaske, kamar mai asma da ƙurar hunturu da hayaƙin girki ke tayar masa da ciwo, ko mai sikila da ke buƙatar ɗumi da hutu da ruwa wadatacce. Irin waɗannan bai kamata a tilasta musu da sunan koyon juriya ba. Sai dai su ma a tuna cewa asibitin jami'a ya fi kusa da ɗan hostal, kuma idan ciwo ya tashi da tsakar dare, abokan ɗaki ne ke ɗaukar mutum. Wanda zai zauna a waje saboda lafiya, kada ya zauna shi kaɗai.

Batun abinci bai raba su da yawa ba. Mai haya ya fi sakewa wajen girki, yana iya auno wake da shinkafa da manja a kasuwar Samaru ya ajiye, ya dafa abin da zai kai shi kwana biyu. A hostal dokoki kan taƙaita kayan girki na lantarki saboda gobara, wurin ajiya kaɗan ne, tukunya ɗaya kuma hannu da yawa ke shiga, amma ranar da naka ya ƙare kai ma hannunka zai shiga ta wani.

Ga 'ya'ya mata na fi karkata ga hostal fiye da yadda na karkata ga maza, musamman a shekarun farko. Gidajen kwanan mata suna da masu tsaron ƙofa, maza ba sa shiga ciki, kuma yarinya za ta iya zuwa karatun dare cikin ayarin ƙawayenta ta dawo ba tare da ta fita titi ba. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba, wato bakin mutane. Budurwar da ke zaune ita kaɗai a gidan haya, komai kamun kanta, takan sha kallo da zato daga waɗanda ba su san jadawalin laccarta ba, kuma wannan nauyi ne da bai kamata a ɗora wa 'yar shekara goma sha bakwai ba tare da dalili ba. Idan gado bai samu ba, gidan da mata zalla ke haya, mai ƙofa ɗaya da ake rufewa, wanda mai gidan ko iyalinsa ke zaune a ciki ko kusa, ya fi ɗaki mai tayil da banɗaki a ciki a gidan da ba a san masu shiga da fita ba.

Zaman unguwa yana da nasa alherin wanda ban gane ba sai da na yi shi. A hostal kowa sa'anka ne, duniyar ta ɗalibai ce zalla. A gidan haya maƙwabcinka na iya zama ma'aikacin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ko tela, ko mai sayar da hatsi, kuma za ka koyi gaida dattawa a ƙofar masallaci, da zuwa jana'iza da suna, da biyan bashin mai shago a ranar da ka yi alkawari. Matar mai gidanmu, wadda duk muke kira Mama, ba ta taɓa barin ɗalibin da ke gidan ya sha ruwa da azumi ba tare da ta aiko yaro da kunu da ƙosai ba. Amma unguwa tana da dokokinta da ba a rubuta ba, kuma ɗalibin da ya zo da kiɗa mai ƙarfi da baƙi har tsakar dare zai ga yadda fuskoki ke sauyawa. Wanda ya san ba zai iya zama da mutanen gari bisa al'adarsu ba, ya fi masa sauƙi ya tsaya cikin makaranta.

Kafin a yanke hukunci, a duba inda sashen ɗalibi yake, domin jami'ar ba wuri ɗaya ba ce. Masu karatun shari'a a harabar jami'ar da ke unguwar Kongo suke, kuma kama musu ɗaki a Samaru na nufin ratsa Kwangila da tsakiyar gari kullum. Ɗaliban likitanci idan sun kai shekarun asibiti Shika suke komawa. Ko a cikin Samaru, gadon da ke sabon matsugunin jami'ar na iya fin ɗakin haya da ke daf da Ƙofar Arewa nisa daga wasu tsangayoyin, saboda haka kalmar “cikin makaranta” ita kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an taka an ƙirga mintuna.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni shi ne, ɗan aji ɗaya ya karɓi gado idan ya samu, ko da gidansu na da halin kama masa gida sukutum, domin a wannan shekarar ce yake buƙatar sanin hanya da mutane da yadda ake karatun jami'a. Daga aji biyu zuwa uku, wanda ya riga ya san halinsa, ya ga sakamakonsa, ya kuma sami abokin zama ɗaya ko biyu da ya yarda da tarbiyyarsu, zai iya fita su raba haya, da sharaɗin ɗakin ya kasance inda ƙafa za ta kai shi aji. Ɗan ajin ƙarshe mai rubuta kundin bincike ya duba abin da aikinsa ya fi buƙata: idan ɗakin gwaje-gwaje ne da ganin malami mai duba aiki, hostal, idan kuwa shiru ne da dogon zama a kan kwamfuta, haya a gidan da ke da sola ko tsayayyiyar wuta. Mai iyali da ma ba shi da zaɓi sai haya. Sayen gado a hannun wani ɗalibi kuwa ban ba kowa shawararsa ba, domin ya saɓa dokar makaranta, kuma ranar da aka zo tantancewa sunan wani ne a takarda, ba naka ba.

Wanda ya tsayar da shawara a kan haya, kada ya biya ta waya bisa hoton da dillali ya turo masa. Ya je da kansa, kuma ya je sau biyu, ɗaya da rana ɗaya bayan isha'i, ya ga hasken layin da irin mutanen da ke zama a bakinsa. Ya ɗaga kai ya duba silin ko akwai tabon yoyo, ya leƙa rijiya, ya tambayi yadda ake raba kuɗin wuta da ko akwai tsohon bashi a kan mitar. Ya keɓe da ɗalibin da ya riga shi zama a gidan ya tambaye shi yadda ruwa yake a watan Afrilu da ko an taɓa fasa ɗaki lokacin hutu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan ya tabbatar ya ga mai gidan ido da ido, a rubuta ranar shiga da ranar fita da adadin kuɗin ajiya a takarda, a sa hannu gaban shaida, ya ɗauki hoton takardar ya tura gida.